Ko Dusar Ƙanƙara Ta Isa Ta Kashe Wa Saniya Ƙishirwa?

Mai shanu a ƙasar nan, rani ne ke hana shi barci, sa'ad da tafkuna suka ƙafe, rijiya ta yi zurfi. A Kanada da arewacin Amurka ma akwai makiyaya masu irin wannan damuwa, sai dai su sanyi ne ke kawo musu ita. Daga wajen watan Nuwamba har zuwa Maris, a Alberta da Montana da Dakota, sanyi ya kan kai digiri 30 ƙasa da inda ruwa ke daskarewa. Tafki ya zama kamar dutse, ƙorama ta tsaya cik, ruwan da aka zuba a komi da maraice ya sandare kafin gari ya waye.

Abin da ke rufe ƙasarsu a wannan lokaci shi ne dusar ƙanƙara. Kada mai karatu ya zaci irin ƙanƙarar nan ce mai tauri da kan faɗo da damina ta yayyaga ganyen dawa. Wannan fara ce fat, da laushi, tana sauka a hankali kamar audugar rimi, ta taru har ta kai gwiwa ko ta fi. In an ɗebo ta aka sa a wuta sai ta zama ruwa.

To, gandayen kiwo na can manya ne ƙwarai, wani ya kan kai eka dubbai, shanu kuwa a fili su ke kwana duk hunturu. Mutum ya tashi kullum ya yi tafiyar mil da yawa da gatari don ya fasa musu ƙanƙarar tafki, ko ya yi jigilar ruwa a mota, aiki ne mai cin kuɗi da ƙarfi. Shi ya sa tun da daɗewa su ke gardama a kan tambaya guda: ko a iya barin saniya da dusar ƙanƙara kaɗai, ba a ba ta ruwa ba?

Waɗanda suka ce a'a suna da hujja. Zafin da a ke bukata a narkar da ƙanƙara yana da yawa. Wutar da za ta narkar da mudu guda na ƙanƙara, ita ce za ta ɗauki wannan ruwan daga sanyi ƙarara ta kai shi digiri 80, watau kusa da tafasa. Suka ce, in jikin saniya ne zai ba da wannan zafi, ai za ta rame, ko kuwa ta ci abinci fiye da kima. Ga kuma yawan abin da za ta lasa. Saniya mai ciki wadda ba ta shayarwa ta kan sha wajen lita 25 a yini in ana sanyi, watau garwa ɗaya da rabi. Sabuwar dusar ƙanƙara kuwa yawancinta iska ce, sai an narkar da wajen garwa goma kāna a sami garwa ɗaya ta ruwa. Masu son lissafi sai su buga su gani: garwa goma sha biyar ke nan kowace rana, da harshe.

Waɗansu malamai biyu na Jami'ar Alberta, Young da Degen, suka gwada abin, suka buga sakamakonsa a 1980, suka kuma buga wani a 1991. Suka raba shanu kashi biyu, waɗansu da ruwa, waɗansu da dusar ƙanƙara kaɗai, suna auna su. Ashe ba wani bambanci na a zo a gani. Nauyin shanun ya zo kusan ɗaya, maruƙan da suka haifa ma haka.

Dalili kuwa yana cikin tumbi. Ciyawar da saniya ta ci tana ruɓewa a can ciki, ruɓewar nan kuwa tana ba da zafi, kamar yadda tsibin taki ya kan yi ɗumi a tsakiya. Saniyar da ta saba ba ta cika ciki da ƙanƙara gaba ɗaya. Ta ɗan ci ingirici, ta ɗan lasa, ta koma ga ci, haka har yini ya ƙare, zafin tumbi yana narkar da ita kaɗan kaɗan. Wadda ke zuwa komi sau ɗaya a yini ta kwankwaɗi ruwa mai sanyi, ita ma ai jikinta ne ke ɗumama shi, kuma a lokaci guda.

Amma fa ba a haifi saniya da wannan sani ba, koyo ta ke yi. Wadda ba ta taɓa yi ba ta kan yi kwana ɗaya ko biyu, wani lokaci fiye, tana kuka tana zagaya busasshen komi, alhali tana tsaye a kan abin da zai kashe mata ƙishirwa. Dabarar makiyayan ita ce su haɗa sababbi da tsofaffin da suka saba, su gani su kwaikwaya. Doki da tunkiya sun fi ta saurin gane wannan.

Ba kowace saniya ce kuma za ta iya ba. Ƙa'idodin kiwon shanun nama da aka fitar a Kanada a 2013 sun yarda da dusar ƙanƙara, amma da sharaɗi. Ba a barin mai shayarwa a kanta kaɗai, don ita bukatarta ta wuce lita 40 a yini, nononta zai janye. Ba a barin maruƙan da aka yaye kwanan nan, ko ramammiya, ko garken da ba shi da isasshen abinci mai kyau. Dole dusar ta zama mai tsabta, mai laushi, mai yawa, dole kuma mai shanu ya tanadi wata mashaya da zai koma gare ta in abin ya ɓaci.

Ya kan ɓaci kuwa, cikin dare ɗaya ma. Akwai wata iska mai ɗumi da ke gangarowa daga duwatsun Rocky, suna kiranta Chinook. In ta busa sai saman dusar ya narke, in sanyi ya komo sai ya daskare ya yi ɓawo mai tauri kamar ƙanzo. Doki ya kan fasa shi da kofato. Ɓaunar Amurka ta kan share dusa da katon kanta. Saniya kuwa da hanci ta ke turawa, har ya yi jini ba ta fasa ba, ɓawon kuma yana yanka mata ƙafafu in ta taka. Ruwa da ciyawa duk sun rufe mata ke nan lokaci guda. Haka kuma in garke ya daɗe wuri ɗaya, ya tattake dusar ya ɓata ta da kashi, ba sauran abin lasa, ko da ido yana ganin fili fari.

Mutanen can ba su manta da hunturun 1886 zuwa 1887 ba. An yi fari a bazarar da ta gabata, shanu sun yi wa makiyaya yawa, suka shiga sanyi a rame. Dusa ta sauko tun Nuwamba, aka yi ɗan ɗumi, sanyi ya komo, ƙasa ta yi ɓawo. A lokacin yawancin masu garke ba su ajiye ingirici, sakin shanu su ke yi su nemi na kansu. Da ƙanƙara ta narke sai ga mushe cike da kwazazzabai, waɗansu ruwa yana tafiya da su. Theodore Roosevelt, wanda ya zama shugaban Amurka a 1901, yana da garke a Dakota a shekarar, ya yi hasarar fiye da rabinsa. Yunwa da sanyi ne suka yi yawancin ɓarnar nan, daga nan kuwa aka koyi yankan ciyawa a ajiye, aka rage yawan garke. Ko a watan Oktoba na 2013, a yammacin Dakota ta Kudu, ruwan sama ya jiƙa shanu tun ba su yi gashin hunturu ba, dusa da iska suka biyo baya, dubbai suka mutu, waɗansu iska ta kora su har suka cushe jikin shingen waya.

Wanda ya ƙi dogara ga dusa ya ce zai fasa tafki, shi ma bai tsira ba. Shanu masu ƙishirwa su kan yi cincirindo wajen ramin da aka fasa, na baya suna tura na gaba, ƙanƙarar ta kasa ɗaukar nauyinsu ta rufta. Saniyar da ta faɗa ruwan nan ba ta iya hawowa, gefen yana da santsi, sanyi kuwa ba ya ba ta lokaci mai tsawo. Dusa kuma ta kan rufe tafki har dabba ba ta san inda tudu ya ƙare ba. Don haka masu hankali su kan kewaye tafkin da shinge su jawo ruwan zuwa komi da famfo. Akwai famfon da saniya ke turawa da hanci ta jawo ruwa daga ƙarƙashin ƙasa inda bai daskare ba. Akwai kuma komi mai ɗumama ruwa da lantarki, amma in wayarsa ta lalace ya kan ja dabba a baki, garke duka ya ƙi sha, mai shi yana ganin ruwa cike bai san abin da ke faruwa ba.

Hatsari na ƙarshe ya shafi mai shanu a ko'ina, har wanda famfon mashayarsa ya lalace a tsakiyar rani. In shanu suka yi kwanaki ba ruwa, gishiri ya kan taru a jikinsu har cikin ƙwaƙwalwa, balle in suna lasar gishiri ko kanwa. Mai su ya zo da tausayi ya sake musu ruwa su sha iyakar cikinsu, sai ruwan ya ruga ƙwaƙwalwa ta kumbura. Dabba ta yi ta tangaɗi, ta makance, ta yi ta juyawa wuri ɗaya, ta faɗi tana shure-shure. Likitocin dabbobi sun ce a ba su kaɗan, a dakata, a ƙara kaɗan, a yi ta haka har yini ɗaya ko biyu, a kuma ɗauke gishirin daga gabansu tukuna har sun koma sha yadda suka saba.