Kada Mu Yi Saurin Yar Da Tsohuwar Kwamfuta

A ofishin makarantarmu ta ikkilisiya muna da wata kwamfutar tafi-da-gidanka wadda muka yi shekaru muna aiki da ita. A cikinta sunayen 'yan makaranta suke, da sakamakon jarrabawa, da lissafin kuɗi. Ana nan sai ta soma nawa. Idan muka kunna ta da safe, har mu gama addu'a ba ta gama farkawa ba. Wani lokaci kuma mu ji tana ƙas-ƙas daga ciki. Kwamiti ya zauna a kan sayen sabuwa, amma da muka duba asusu muka ga kuɗin ba za su kai ba, sai an taɓa na gyaran rufin aji.

Sai wani ɗan'uwa mai gyaran kwamfuta ya duba ta, ya ce rumbunta ne kaɗai ya tsufa. Mun san gidaje da yawa suna fama da irin wannan, shi ya sa muke so mu gaya muku abin da muka koya.

Rumbun kwamfuta shi ne wurin da take ajiye dukan abin da muka rubuta. Tsohon irin, wanda ake kira had-dis, yana kama da faifan garmaho. Akwai faifai a ciki mai juyawa sau 5,400 a minti ɗaya, da ɗan hannu mai kai da kawowa yana neman abin da muka tambaya. Kamfanin IBM na Amurka ya fara fito da irinsa a 1956. Abin da ke juyawa kuwa dole ya gaji, kuma idan kwamfuta ta faɗi tana aiki, faifan yana iya lalacewa.

Sabon irin ana ce da shi SSD. Ba abin da ke motsi a cikinsa, danginsa ɗaya da filashin da muke sa wa a aljihu. Tsohon yakan karanta wajen megabait 100 a daƙiƙa, shi kuwa wajen 500. Ba ya ƙara, kuma ya fi jure jijjigar babur.

To, ga shawarwari huɗu kafin a taɓa kome.

Na fari, a kwafe dukan abin da ke cikin kwamfutar a wani wuri dabam. Hotunan aure da rajistar baftisma ba a sayensu a kasuwa.

Na biyu, a san irin bakin da kwamfutar take da shi. Yawancin tsofaffi suna karɓar mai faɗin inci 2.5 da ake kira SATA. Waɗansu kuwa suna karɓar wani siriri mai suna M.2. Akwai ma waɗanda rumbunsu a liƙe yake, ba ya fita.

Na uku, a saya wurin amintacce, gama akwai jabu. Mai gigabait 256 ko 512 ya ishi aikin gida. A sa mai gyara ya gwada shi a gabanmu.

Na huɗu, a kashe kwamfutar, a zare waya, a cire batir kafin a kwance ta. Wanda bai saba ba, gara ya kai wa gwani, shi ne zai kwashe kome daga tsohon zuwa sabon.

Amma fa kada mu ruɗi kanmu. SSD ba ya gyara mataccen batir. Shi ma yakan mutu, sau da yawa kuwa ba tare da wata alama ba. Saboda haka mu riƙa ajiye kome a wuri biyu.

Tamu dai yanzu tana tashi kafin mu gama jawo kujera, ba abin da ya ɓata, rufin aji kuma an gyara shi kafin damina. Muka tuna yadda Ubangijinmu, bayan ya ciyar da mutum 5,000, ya sa almajirai su tattara ragowar don kada ta lalace (Yahaya sura 6). Allah ya ba mu hikimar riƙon abin da ya danƙa a hannunmu. Amin.