Yadda kwamfuta ke gane haruffan Hausa

Ɗalibai a unguwar Abakpa da ke arewacin birnin Kaduna, kamar takwarorinsu na sauran garuruwan ƙasar Hausa, sukan yi karo da wata matsala a duk lokacin da suka kai aikin makaranta shagon buga takardu. Rubutun da ya fito tsaf a waya sai ya rikiɗe a wata kwamfutar, a ga ɗan akwati ko alamar tambaya a gurbin ɓ, ɗ ko ƙ.

Da yawa sukan ɗora laifin a kan na'urar, amma masana na danganta matsalar da darasin tsarin lambobi, wanda ake koyarwa a makarantun sakandare. Dalili kuwa shi ne kwamfuta ba ta san harafi ba, lamba kawai take ajiyewa.

Daga goma zuwa biyu

Ƙidayar yau da kullum an gina ta ne a kan alƙaluma goma, daga sifiri zuwa tara, kuma darajar kowane alƙalami ta danganta da gurbin da ya zauna. A lamba 409, alal misali, huɗu na nufin ɗari huɗu. Wannan tsari ya samo asali ne daga Indiya, ya kuma bazu ta hannun malaman Musulmi irin su Muhammad bin Musa al-Khwarizmi, wanda ya yi aiki a Bagadaza a ƙarni na 9. Kalmar sifiri ma daga Larabci Hausa ta aro ta.

Ita kuwa kwamfuta da alƙaluma biyu take aiki, wato 0 da 1, saboda ƙananan makunnan da ke cikinta hali biyu gare su: kunne ko kashe. A nan darajar gurbi ninkawa take yi sau biyu: 1, 2, 4, 8, 16, har zuwa sama. Saboda haka 13 takan zama 1101, wato takwas da huɗu da ɗaya. Masanin lissafi na Jamus Gottfried Leibniz ya wallafa bayanin wannan tsari tun a 1703.

Kowane 0 ko 1 ana kiransa bit, takwas daga cikinsu kuma su ne bayit guda, wanda ke iya ɗaukar lambobi 256, daga 0 zuwa 255. Da yake jerin sifiri da ɗaya na da wahalar karantawa, masu tsara manhaja sukan taƙaita shi da tsarin sha shida, inda haruffan A zuwa F ke wakiltar 10 zuwa 15. A wannan tsari 255 ita ce FF.

Harafi da lambarsa

Bai wa harafi lamba ba baƙon abu ba ne ga wanda ya yi karatun zaure. A hisabin abajada, alif ɗaya ne, ba biyu, jim uku, dal huɗu, kuma da shi ne marubuta waƙoƙin ajami na zamanin Daular Usmaniyya suke sanya shekarar da suka kammala waƙa, abin da ake kira ramzi.

Sai dai akwai saɓani tsakanin tsarin Magrib, wanda malaman Afirka ta Yamma suka gada, da na ƙasashen Gabas. Harafin sin 300 ne a Magrib, amma 60 ne a Gabas. Wanda ya karanta ramzi da tsarin da ba shi aka yi amfani da shi ba, zai fitar da shekarar da ba ita ba ce. Irin wannan saɓani ne ke faruwa tsakanin kwamfutoci.

A 1963 aka fitar da tsarin ASCII a Amurka, mai gurabe 128 kacal. A cikinsa babban baƙi A lambarsa 65, ƙaramin a kuma 97. Guraben sun wadaci Turanci, amma ba a tanadi ko ɗaya ba domin haruffa masu lanƙwasa, duk da cewa an shigar da su rubutun boko tun shekarun 1930, zamanin da aka kafa jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a 1939.

Wannan ya sa masu buga littattafai da jaridu suka riƙa yin dabara. Wasu sukan ƙera salon haruffa na musamman da zai ɗora ƙ a gurbin wani harafin, amma da zarar an kai rubutun kwamfutar da ba ta da wannan salo, sai ya watse. Wasu sukan rubuta k' ko 'd, wasu kuma suka bar lanƙwasar gaba ɗaya.

Barin lanƙwasar na da illa ga ma'ana. Baki daban, baƙi daban. Haka ma kafa da ƙafa, ko kasa da ƙasa.

Zuwan Unicode

Mafita ta zo ne a 1991, lokacin da aka fitar da tsarin Unicode, wanda manufarsa ita ce kowane harafi na kowane harshe ya samu lambarsa shi kaɗai. Yanzu yana ɗauke da alamomi fiye da 150,000.

A cikinsa ƙ lambarta 409, wadda ake rubutawa U+0199 a tsarin sha shida. Harafin ɓ 595 ne, ɗ 599, ƴ da ake amfani da ita a Jamhuriyar Nijar kuma 436. Alamar Naira, ₦, ita ce 8358. Rubutun ajami ma ya samu ƙarin gurabe: a 2016 aka shigar da fa da ƙaf da nun na salon rubutun Afirka, irin wanda aka saba gani a Alƙur'anin Warshu.

Hanyar da ta fi shahara wajen ajiye waɗannan lambobi ita ce UTF-8, wadda Ken Thompson da Rob Pike suka tsara a 1992, kuma da ita mafi yawan shafukan intanet ke aiki. A wannan hanya harafin Turanci bayit ɗaya yake ci, ƙ biyu, alamar Naira uku.

Bayit biyun na ƙ su ne C6 da 99. Idan manhaja ta karanta su da tsohon tsarin Windows na Yammacin Turai, sai ta ɗauke su haruffa biyu, ta nuna Æ™. Ke nan rubutun bai lalace ba, karatunsa aka yi da tsarin da bai dace ba. Idan kuwa akwati ne ya bayyana, to lambar daidai take, salon haruffan da aka zaɓa ne ba shi da hoton harafin.

Har a aljihu

Lamarin ya shafi kuɗin waya. Saƙon tes guda na ɗaukar haruffa 160 idan duka suna cikin jerin tsarin GSM, amma ƙ ɗaya tak na iya mayar da iyakar zuwa 70, saƙo ɗaya ya rabu biyu ko uku, kowanne da kuɗinsa.

Tun daga 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta, kuma Hausa na cikin darussan da ake rubutawa. Ga ɗaliban Abakpa da sauran unguwannin Kaduna, shawarar masana ita ce a zaɓi UTF-8 wajen adana aiki, a yi amfani da salon haruffan da ke ɗauke da masu lanƙwasa, sannan a sanya allon rubutu na Hausa a waya, wanda manhajoji irin su Gboard ke bayarwa kyauta.