Kansar baki: Furotin ɗin da ke nuna ko ƙari ya fara kutsawa cikin nama

Mutum biyu za su iya zuwa asibiti da gyambo mai girma ɗaya a gefen harshe, a yi musu tiyata iri ɗaya. Ɗaya ya warke, ɗayan kuma cutar ta ɓullo masa a kaluluwar wuya bayan wasu watanni. Me ya bambanta su? Masu bincike na neman amsar a cikin ɗan naman da ake yanka domin gwaji.

Alƙaluman hukumar binciken kansa ta IARC sun nuna cewa a 2022 kusan mutum 390,000 ne suka kamu da kansar leɓe da baki, kimanin 188,000 kuma suka mutu. Cutar ta fi yawa a Indiya da maƙwabtanta, inda ake tauna taba da ƙwallon areca.

Manne da almakashi

Kusan kashi 90 cikin 100 na wannan kansa na farawa ne daga ƙwayoyin halittar da suka lulluɓe cikin baki. Wani furotin mai suna E-cadherin ne ke riƙe su da juna kamar manne. Idan ya ragu, sai ƙwayoyin ƙarin su saki juna su fara tafiya.

Ƙarƙashinsu akwai wata siririyar tantani da ke tare su. Furotin MMP-2 da MMP-9 ne ke yanka ta kamar almakashi, su buɗe hanya zuwa cikin nama da jijiyoyi. Shi kuwa Ki-67 yana nuna saurin hayayyafar ƙwayoyin.

A ɗakin gwaji, ana zuba wa naman sinadarin da ke kama furotin ɗin da ake nema, wurin ya rine zuwa ruwan ƙasa a ƙarƙashin madubin likita. An fi duba bakin ƙarin, inda yake cin nama mai lafiya.

Me ya sa likitan tiyata ya damu?

Tambayarsa ita ce: a cire kaluluwar wuya tun kafin ta kumbura, ko a jira? Binciken asibitin Tata Memorial na Mumbai da aka wallafa a 2015 ya gano cewa kashi 80 cikin 100 na waɗanda aka cire wa tun farko sun rayu shekara uku, idan aka kwatanta da kashi 67.5 na waɗanda aka jira. Sai dai tiyatar na iya raunana kafaɗa, kuma da yawan masu yin ta cutar ba ta kai wuyansu ba.

Har yanzu waɗannan furotin ba su shiga ma'aunin matakin cutar ba. Abin da aka ƙara a ma'aunin AJCC na 2017 shi ne zurfin ƙarin, da iyakokin milimita 5 da 10.

Ga mai karatu, duk gyambo ko farin tabo ko ja a baki da ya wuce mako uku bai warke ba, a nuna wa likitan haƙori. Ƙarin da bai yi zurfi ba ya fi sauƙin magani.