Takalmin Hawan Keke a Hanyar Burji

Keken da ke yawo a Tudun Wadan Zariya yau ya bambanta da wanda iyayenmu suka hau. Raleigh da Phoenix masu kariya a baya suna nan jefi-jefi, amma abin da ya cika hannun ɗalibai da samari daga Agoro har Kongo shi ne keken gwanjo mai kaurin taya da giya barkatai. Don duwatsu aka ƙera shi. Asalinsa jihar Kalifoniya ta Amurka, inda a shekarun 1970 wasu samari suka riƙa gangarowa da tsofaffin kekuna daga kan dutsen Tamalpais, har abin ya zama wasa mai zaman kansa. Mu ma muna da wuraren da suka dace da shi, irin hanyoyin da suka bi ta gindin Dutsen Kufena da turbobin gonaki na bakin Kubanni da Galma. Sai dai mai saye yakan duba taya, ya matsa burki, ya gwada giya, ya biya kuɗi, sannan ya haye da silifas ɗin wanka.

A kan kwalta ba a cika ganin illar haka ba, tunda mutum yana zaune kan sirdi, ƙafa turawa kawai take yi. Da zarar an shiga gargada ko gangara, dole a ɗaga daga sirdi, nauyin jiki gaba ɗaya ya koma kan feda biyu. Taya ta daki dutse, keke ya yi tsalle, ƙafa ta ɗan rabu da feda. Idan ƙasan takalmi mai santsi ne, ba za ta koma inda ta taso ba. Mai sa'a feda ta juyo ta sare masa ƙwauri, marar sa'a ya faɗa kan sandar tsakiya ko ya sha ƙasa. Shi silifas santsinsa biyu ne: yana zamewa a kan feda, ƙafa kuma tana zamewa a cikinsa da zarar gumi ko ruwa ya taɓa ta. Ga dunduniya a sake, ga yatsu a waje suna jiran kututture.

Masu tseren keke sun bi hanya biyu wajen magance wannan. Wasu suna amfani da feda mai ɗan ƙarfe da ke kama ƙasan takalmi, irin wadda kamfanin Shimano na Japan ya fito da ita a 1990. Wasu suka tsaya kan shimfiɗaɗɗiyar feda, mai 'yan gajerun ƙusoshi a fuskarta, suka bar wa takalmi aikin riƙo. Sam Hill, ɗan ƙasar Ostireliya, da irin wannan feda ya ci gasar gangara ta duniya a 2006 da 2007 da 2010. Takalman da suka yi suna a wannan fanni na kamfanin Five Ten ne, wanda ya fara da yi wa masu hawan duwatsu takalmi kafin Adidas ya saye shi a 2011. A ganina shimfiɗaɗɗiyar feda ce ta dace da mu, domin ana iya sauke ƙafa nan take idan akuya ko ɗan acaɓa ya ratso, kuma ba ta buƙatar takalmin da sai an yi oda. Abin da ya sa Five Ten ya yi fice ana iya nemansa a tulin gwanjo na kasuwar Tudun Wada ko ta Sabon Gari, in dai an san abin dubawa.

A kife takalmin tukuna, a dubi ƙasansa. Wanda ake so shi ne shimfiɗaɗɗe tun daga yatsu har dunduniya, mai ƙananan zane marasa zurfi, yadda kowace ƙusa ta feda za ta sami roba ta nutse. Sannan a danna farcen babban yatsa a kan robar. Idan farcen ya shiga, gurbin kuma ya cike a hankali, an dace. Roba mai laushi da ba ta saurin dawowa tana shanye girgiza, ba ta cilla ƙafa sama. Wadda ta ƙi farce, tana ƙyalli, leda ce ta yi mata yawa, kuma ruwa kaɗan zai mai da ita kamar an taka kuɓewa. Daga nan a lanƙwasa takalmin da hannu biyu. Ya ba da kai wajen yatsu, tsakiyarsa ta cije. Wanda ke naɗewa gaba ɗaya zai sa tafin ƙafa ya riƙa rungumar feda, kafin a dawo daga Wusasa ya fara zogi.

Da wannan ma'auni takalma da yawa masu ban sha'awa za su faɗi. Kambas ɗin gudu mai kaurin soso yana da daɗin takawa, amma ƙasansa a gantsare yake, tsakiyarsa da rami, ƙusoshin feda kuma suna yagar soson. Babban but mai manyan haƙora na tafiyar daji, kan haƙoran kawai ke taɓa feda. Takalmin ƙwallo ya fi kowanne muni. Sau-ciki na zuwa ofis, a bar shi ga ofis. Abin da ya fi kusa da wanda ake so shi ne kambas mai faffaɗan ƙasa irin na Vans da makamantansa, musamman in bakinsa na da tauri. Har takalmin taya, wanda ake rainawa, ya fi silifas nesa ba kusa ba idan yana da maɗaurin dunduniya, duk da cewa robar taya tana da ɗan tauri kuma yatsu na waje.

Takalmi mai kyau a kan fedar roba da ta cinye ta yi sulɓi aikin banza ne. Mai gyaran keke zai sauya ta da ta ƙarfe mai haƙora cikin 'yan mintoci. A tura igiyar takalmin dama ciki, don nan sarƙa take, kuma igiya in ta shiga haƙoran sarƙa sai ta ɗaure ƙafa da feda. Da damina, musamman cikin Agusta, jar lakar Zariya tana cike zanen takalmi ta toshe haƙoran feda, sai a kankare su da ɗan itace kafin a kama gangara. A ɗora tsakiyar tafin ƙafa a kan feda, a ɗan sauke dunduniya ƙasa, ta haka girgiza ke ƙara danna ƙafa a kan ƙusoshi.

Roba mai laushi tana saurin cinyewa, ƙusoshin feda kuma suna huda ta a hankali. Idan saman takalmin da sauransa, shumeka zai iya sa masa sabon ƙasa. A dai zaɓi robar da hannu, a yi mata gwajin farce kafin ya shafa gam.