Abin da ya kamata ku sani: Fita da iyali kallon koren rani a Kura da Bunkure

A ƙasar Japan, da zarar sanyi ya ja baya a ƙarshen watan Maris, hankalin kowa yakan koma kan wata bishiya da suke kira sakura. Furenta fari ne mai ratsin ja, kuma ba ya wuce mako ɗaya zuwa biyu yake kaɗewa. Yakan fara buɗewa daga kudancin ƙasar, ya iso Tokiyo da Kiyoto wajen ƙarshen Maris zuwa farkon Afrilu, sannan ya kai tsibirin Hokkaido na arewa a ƙarshen Afrilu ko farkon Mayu. Har a labaran yanayi ana sanar da ranar da ake sa ran zai buɗe a kowane birni. Magidanci ya kwashi iyalinsa, su hau jirgin ƙasa daga wannan birni zuwa wancan, su yi shimfiɗa a gindin bishiya su ci abinci tare. Sunan wannan al'ada hanami, wato kallon fure.

Mu ma Allah ya ba mu lokacin da ƙasarmu ke yin ado, kuma a kusa da gida. Tsakanin Janairu da Fabrairu, lokacin da hunturu ya busar da ko'ina, yankin Kura da Bunkure da Garun Malam yakan zama kore shar iya ganin ido. Ga abin da ya kamata magidanci ya sani idan yana son ya kai iyalinsa su gani.

Daga ina ruwan yake zuwa?

Tushen komai shi ne madatsar ruwa ta Tiga, kamar kilomita 70 kudu da birnin Kano. An gina ta a kan Kogin Kano zamanin Gwamna Audu Baƙo, aka kammala a 1974, shekarun da fari ya gallabi ƙasashen Sahel. An tsara ta ta riƙe ruwa kusan kubik mita biliyan 2. Daga can babban kanal ke ɗauko ruwan, ya ratsa tafkin Ruwan Kanya, sannan ya rarrabu zuwa ƙananan kanal har bakin gona. Gangare ne ke tura shi, domin Tiga ta fi gonakin tudu. An zana kashin farko na shirin a kan hekta kusan 22,000, kuma Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ce ke kula da shi.

Yaron da ya tsaya a bakin dam da safe, ya kuma ga ruwan nan yana shiga fangali da rana, ya fahimci darasin da allo ba zai iya nuna masa ba. Gani ya kori ji.

Wane lokaci ya fi?

Ana shuka alkama tun daga tsakiyar Nuwamba saboda tana son sanyi. A Janairu tana kore, a Fabrairu ta fitar da kai, zuwa Maris ta yi ja ana girbi. Tumatir kuwa kakarsa ta fi ƙarfi daga Janairu zuwa Maris, tare da albasa, tattasai, attaruhu da masarar rani. Mai son ganin kore ya je kafin ƙarshen Fabrairu. Mai son yara su ga girbi da sussuka ya bari sai Maris, amma ya shirya wa zafi. Kamar furen Japan, wannan adon ma ba ya jiran kowa.

A yi sammako. Da hantsi belbelu ke sauka bayan masu ban ruwa, iska na kaɗa alkama, rana ba ta yi zafi ba. Idan hazo ya yi kauri, a tanadar wa yara rigar sanyi da man shafawa.

Wuraren tsayawa

Kura ce zangon farko ga wanda ya fito daga Kano ta hanyar Zariya, tafiyar kamar kilomita 30. Garin shinkafa ne: mata na turarawa, ana shanya a fili, injinan casa na ta aiki. Amma tun kafin zuwan kanal sunan Kura ya kai hamada, saboda rini da bugu. Rawanin nan baƙi mai ƙyalli da Buzaye ke ji da shi, ɗan Kura ake ce masa. Ku tambayi dattawan gari su nuna wa yara yadda ake buga shuni a jikin zane.

Gaba kaɗan akwai Kadawa, inda Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, ta Jami'ar Ahmadu Bello, ke da tashar gwajin noman rani. A nan ne kuma kamfanin Dangote ya buɗe masana'antar sarrafa tumatir a 2016, shekarar da wata tsutsa mai cin ganyen tumatir ta yi wa manoman Kano mummunar ɓarna.

Kwanar Gafan ita ce kasuwar gwari da ba a mantawa. A lokacin kaka za ku ga kwanduna jere ja wur, 'yan dako na lodi a manyan motocin da za su nufi Legas da sauran biranen kudu. A nan yaro zai gane cewa miyar da ake ci a nesa, daga ƙasarsu ta fito.

Ta ɓangaren Bunkure gonakin sun fi shimfiɗuwa cikin natsuwa, wurin zama a inuwa a ci guzuri. Wanda ke da sauran lokaci ya ƙarasa Rano ya ga duwatsu, ko ya rufe tafiyar a bakin ruwan Tiga, inda masunta ke fitowa da kifi.

Akwai ma zaren da ya haɗa yankin da Japan. Ƙungiyar Sasakawa, wadda attajirin Japan Ryoichi Sasakawa ya kafa tare da masanin noma Norman Borlaug da tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter, ta fara aiki a Najeriya a 1992, kuma manoman Kano na cikin na farko da ta koya wa dabarun noman alkama da masara.

Abubuwan kiyayewa

Na farko, ruwan kanal ba na wanka ba ne. Babban kanal yana da zurfi da gudu, gefensa na da santsi, wanda ya faɗa fita takan yi masa wuya. Bayan haka, ruwan da ke kwance yana ɗauke da dodon-koɗin da ke yaɗa cutar tsargiya, wadda ke shiga ta fata ta sa fitsarin jini. A riƙe hannun ƙananan yara, a tafi da ruwan sha daga gida.

Na biyu, gona dukiyar mutum ce. A yi sallama, a nemi izini, a bi ta kan kunya kada a tattake shuka. Kada a ɗauki hoton kowa, musamman mata, sai da yardarsa. Idan an ga ana feshin magani, a ja da yara nesa, kuma duk abin da aka saya a wanke shi kafin a ci.

Na uku, idan za a shiga kwalekwale a Tiga, kada a yarda da lodin da ya wuce ƙima, a kuma nemi rigar ruwa. Hatsarin kwalekwalen Bagwai na Nuwamba 2021, wanda ya ci rayukan ɗaliban Islamiyya, bai kamata ya fita daga zukatanmu ba.

Na huɗu, a fito daga gida da wuri, a koma kafin magariba, a kuma tambayi mutanen gari halin hanya. Ledar da aka zo da ita a koma da ita, domin shara na toshe kanal.

Tafiyar nan ba ta buƙatar biza ko tikitin jirgi. Kuɗin mai ne da guzuri da yini guda. Ya ku iyaye, kafin alkamar bana ta yi ja, ku ware Asabar ɗaya ku kai 'ya'yanku su ga inda abincinsu ke fitowa, su gaida manomin da ke shuka shi, ku kuma sayi kwandon tumatir daga hannunsa ku koma da shi gida.