Daga Mashi Zuwa Tsibiri: Lissafin Mai Ƙaramin Guzuri

Mashi, da ke kan hanyar Katsina zuwa Daura, ta yi wa teku nisan fiye da kilomita 1,000 a mota. Duk da haka, tun da wayar hannu ta shiga aljihun kowa, hotunan farin yashi da bishiyar kwakwa suna zuwa har majalisar mai shayi, tare da tallar cewa ana iya hutu a tsibiri da kuɗi kaɗan. Tallar ba ƙarya ba ce, sai dai ba don mu aka yi lissafinta ba. Bature ne ya yi ta don ɗan'uwansa mai albashin yuro, wanda fasfonsa ke buɗe masa ƙofofi ba tambaya. Shi damuwarsa kuɗin ɗaki da na abinci. Mutumin Mashi kuwa, kafin ya hango ruwa, mafi yawan guzurinsa ya tafi a tikiti da biza da canji.

A fara da canjin. Kafin watan Yunin 2023 farashin dala a hukumance bai kai naira 500 ba. Cikin 2024 ya haura 1,500. Ɗakin dala 30 da baƙo zai kira araha ya zama fiye da rabin mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, a kwana ɗaya tak. Saboda haka tambayar farko ba ta wane tsibiri ya fi kyau ba ce, ta wanda fasfonka da aljihunka za su iya shiga ce.

Nan yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 take da amfani, domin ta ba ɗan ƙasashen ƙungiyar damar zama kwana 90 ba biza. A ganina tsibirin da ya fi dacewa da wannan lissafi shi ne Gore, a bakin Dakar ta Senegal. Tsawonsa bai cika kilomita ɗaya ba, babu mota a cikinsa, kuma jirgin fito yana kai mutum cikin minti 20 ko makamancin haka, da farashin da ya fi sauƙi ga ɗan Afirka a kan Bature. Dabarar ita ce a kwana a Dakar, a unguwa irin Madina inda talakawan gari suke, a ci shinkafa da kifi a wurin masu tuwo-tuwonsu, a ƙetara da safe a dawo da yamma. Wani sauƙin kuma: sefar da ɗan kasuwarmu ya saba lissafi da ita a Mai'aduwa ko Maraɗi, ita ce dai ake kashewa a Dakar. Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025, amma kuɗin bai canza ba.

Gore ba wurin shan iska kawai ba ne. UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1978 saboda cinikin bayi, kuma Gidan Bayi da ke can, mai ƙofar da ke kallon teku, yana sa mai surutu ya yi shiru, ko da yake masana tarihi suna jayayya kan yawan mutanen da aka fitar ta wannan gida. A tsibirin ne kuma makarantar William Ponty ta zauna daga 1913 har ƙarshen shekarun 1930, wadda ta horar da Diori Hamani, shugaban Nijar na farko. Matsalar zuwa Gore ita ce hanya. Tsohuwar hanyar mota ta Maraɗi, Yamai, Wagadugu da Bamako ta ratsa yankunan da tsaro ya taɓarɓare, kuma babu arahar da ta kai ran mutum. Jirgin sama ta Legas ko Abuja ya zama dole.

Ƙasar tsibiran Kef Bad ma tana cikin ECOWAS, amma kuɗinta a ɗaure yake da yuro, kuma tana shigo da yawancin abincinta daga waje, don haka ba wurin mai tsimi ba ce. Abin dariya, ƙurar hunturu da muke gudu tana bin iska har can.

Zanzibar ta Tanzaniya ce ke jan zuciyar mutanenmu, kuma da dalili. Mafi yawan mazaunanta Musulmi ne. Ba sai ka yi bincike kan naman da aka sa maka ba, masallaci kuma yana kowane lungu na tsohon birnin duwatsu, wanda UNESCO ta amince da shi a 2000. Daga tsibiran nan, musamman Pemba, kanumfari ya yi suna a duniya tun zamanin Sayyid Sa'id, sarkin Oman da ya mai da fadarsa Zanzibar a ƙarni na 19. Mai son ganin yadda abin da ake dakawa a yaji yake a bishiyarsa, zai gani. Amma ƙofar tana da tsada. Tanzaniya ba ta buga wa ɗan Nijeriya biza a filin jirgi, sai ya nema tun daga gida ya jira amsa, kuma daga 1 ga Oktoban 2024 kowane baƙo sai ya sayi inshorar dala 44. Wanda ya sayi tikiti kafin bizar ta fito ya sa kuɗinsa a caca.

Bayan biza ta fito, sauƙi yana hannun mai hankali. Jirgin Habasha yana tashi daga Kano ta Adis Ababa. Manyan ruwan sama na Maris zuwa Mayu suna korar baƙi, farashin ɗaki ya faɗi, ga wanda bai damu da jiƙewa ba. Motar haya da suke kira daladala tana kai mutum Nungwi ko Paje da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba idan aka gwada da tasi. Abincin dare na lambun Forodhani ya shahara, amma farashinsa na baƙi ne. 'Yan gari kasuwar Darajani suke zuwa.

Duk wannan fataken da suka bi hanyar Gwanja neman goro sun san shi. Ba sa tafiya sai cikin ayari, suna ɗaukar guzurin da ba ya lalacewa, suna sauka a zango wurin mai masaukin da aka san shi. Abokai huɗu da suka yi adashi na shekara guda, suka kama gida ɗaya mai kicin, suka yi cefane da kansu, za su kashe ƙasa da abin da kowannensu zai kashe shi kaɗai a otal. Ƙuli-ƙuli da garin kunu suna da amfani, amma kilishi a bar shi a gida, domin ƙasashe da yawa suna hana shiga da nama. Katin rigakafin shawara kuwa a tanade shi tun da wuri, don sai an yi kwana 10 da allurar kafin ya fara aiki, kuma ana tambayarsa a bakin iyaka.