MATSALAR DIREBA WAJEN SAUYA WA KWAMFUTA BABBAR MANHAJA

1.0 Gabatarwa

A ranar 14 ga Oktoba, 2025 kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen kulawar da yake bai wa manhajar Windows 10. Magajiyarta kuwa, wato Windows 11, tana buƙatar wani ɗan sashen tsaro mai suna TPM 2.0, wanda tsofaffin kwamfutoci da dama ba su da shi. Wannan ya shafi malamai da ɗalibai masu amfani da kwamfutocin tafi-da-gidanka na hannu, har wasu suka karkata zuwa Linux, wadda Linus Torvalds ya fara a ƙasar Finland a 1991. Wannan babi zai yi bayani a kan cikas ɗin da ake cin karo da shi wajen wannan sauyi.

2.0 Ma'anar Direba

Kwamfuta ta ƙunshi sassa da kamfanoni daban-daban suka ƙera: na sauti, na hoto, na kyamara da na Wi-Fi. Direba ita ce ƙaramar manhajar da ke yin tafinta tsakanin kowane sashe da babbar manhaja. Idan babu ita, sashen yana nan da lafiyarsa, amma ba ya jin umarni. Direbar da aka rubuta domin Windows kuwa ba ta aiki a kan Linux, kamar yadda tafintan Hausa da Larabci ba zai fitar da mai jin Fulatanci kaɗai ba.

3.0 Tushen Matsalar

Yawancin direbobin Linux suna zuwa ne a cikin manhajar kanta. Matsala takan taso idan kamfani ya ɓoye bayanan yadda sashensa yake aiki. Alal misali, sai a 2010 kamfanin Broadcom ya fitar da buɗaɗɗiyar direba ga wasu sassansa na Wi-Fi, Nvidia kuma ya buɗe wani ɓangare na direbar hotonsa a 2022. Haka nan tsarin tsaron da ya zo tare da Windows 8 a 2012 yana iya hana kwamfuta tashi da manhajar da ba ta da sa hannun da ya amince da shi.

Alamomin sun haɗa da ɗaukewar sauti, saurin ƙarewar batir, da ƙin aikin firinta. Mafi muni shi ne mutuwar Wi-Fi, domin da intanet ake sauko da direbar da ta ɓace. Malamin da aka tura garin Jabo a ƙaramar hukumar Tambuwal, idan haka ta same shi ana dab da jarrabawa, yana iya rasa ranar aiki wajen neman mai gyara a Tambuwal ko Sakkwato.

4.0 Matakan Rigakafi

(a) A kwashe sakamakon ɗalibai da tsarin darussa zuwa wata ma'adana, domin sauyin kan iya goge komai.

(b) A tayar da kwamfutar daga filash kafin a girka manhajar. Ubuntu, wadda ta fito a 2004, tana ba da damar wannan gwaji ba tare da an taɓa abin da ke ciki ba.

(c) A gwada sauti, Wi-Fi, kyamara da firinta ɗaya bayan ɗaya.

(d) A zaɓi tsarin madannai na Hausa, a tabbatar haruffan ɓ, ɗ da ƙ suna fitowa daidai, don kada "ƙafa" ta koma "kafa" a takardar jarrabawa.

(e) Idan Wi-Fi ya ƙi, a jona wayar hannu da kwamfutar ta igiyar caji, a yi amfani da datar wayar a sauko da direbar.

5.0 Kammalawa

Linux kan tsawaita rayuwar tsohuwar kwamfuta, kuma kyauta ake samun ta, amma nasarar sauyin ta dogara ga sassan da ke cikin na'urar. Don haka ya wajaba malami ya yi gwaji daga filash kafin ya goge manhajar da yake aiki da ita.

Auna Fahimta

1. Mece ce direba, kuma mene ne aikinta?
2. Me ya sa mutuwar Wi-Fi ta fi sauran matsalolin wuyar magancewa?